Harafin H a Jikin Jika Goma

Wata ranar Laraba da dare, saura minti goma mu shiga shirin kiran waya da nake gabatarwa, baƙon da muka gayyata ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba. Na zauna ina tunanin abin da zan cika awa guda da shi, na sa hannu aljihu, sai na ji takardar jika goma da na ware don kuɗin haya. Da aka kunna jar fitila na gaishe da masu sauraro, na ce musu yau ba mu da baƙo, su ne baƙin. Duk mai takardar sefa a kusa ya ciro ta, ya dube ta da kyau, ya kira ya faɗa mana abin da ya gani.

Layi bai huta ba har muka tashi. Wani mai shayi ya ce abin da ke tsakiyar takardar dodo ne irin na mutanen kurmi. Wata malamar lakkol ta ce takobi ne. Wani dattijo ya ce shekara ashirin yana kashe ta bai taɓa tsayawa ya kalle ta ba, domin ba ta daɗewa a hannunsa balle su saba. Sai wani saurayi ya kira ya ce ya ga harafin H a ƙarshen lambar takardarsa, yana so a gaya masa ma'anarsa. Nan gardama ta kaure. Wani ya ce Hausa ake nufi, wani ya ce a'a, sunan Diori Hamani ne aka taƙaita. Ni da ke gaban makirufo na yi ta cewa "to, madalla, mun gode", alhali ba ni da amsa. Kunyar wannan dare ce ta tura ni bincike, abin da na samo kuma shi nake so in ajiye a nan.

Bari mu fara daga bakinmu kafin mu je ga takarda. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, shi ya sa har gobe matalauci ke cewa ba shi da ko wuri, a kuma ce da attajiri wuri na gugar wuri a gidansa. Wurin nan ba a ƙasarmu ake samun sa ba. Daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya aka riƙa kwaso shi, ya ratso ruwa da hamada kafin ya iso kasuwanninmu. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya ba da labarin yadda ya tarar da wani falke da abokansa suna ƙirga wuri 500,000, biyar-biyar, suna tara shi tsibi-tsibi. A Kano kuwa, a wannan shekarar, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda.

Dalar da ake nufi ita ce ta azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, wadda aka yi ta bugawa shekara da shekaru ba a sauya shekarar 1780 da ke jikinta ba. Da Faransawa suka zo da tsabar azurfarsu ta faran biyar, sai mutanenmu suka laƙaba mata wancan tsohon suna. Faran guda muka kira shi tamma, faran biyar dala. Shi ya sa baƙo daga Kano ke rikicewa a kasuwar Maraɗi: a ce masa dala ashirin, ya yi ta neman lamba 20, ashe tsabar da aka rubuta wa 100 ake nufi. Takardar 500 dala ɗari ce, ta 1,000 kuma dala ɗari biyu, wato jika guda. Abin da banki ya rubuta daban, abin da bakinmu ke faɗa daban, kuma a haka muke ciniki fiye da shekara ɗari ba a yi asarar ko tamma ba.

Ba son takarda ne ya raba kakanninmu da wuri ba, lanho ne. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da Nijar cikakken yankin mulkinsu a 1922, suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Da kumandan ya ce ba zai karɓi lanho da wuri ba sai da faran, dole manomi ya nemi faran, ko ya noma gyaɗa ya sayar wa kanti, ko ya tafi cin rani. Takardun wancan zamani wani banki ne mai zaman kansa ke fitar da su, Bankin Afirka ta Yamma, wanda aka kafa a 1901 a kan tushen Bankin Senegal na 1853, ofishinsa kuma yana Paris.

Ita sefa tana da ranar haihuwa: 26 ga Disamba 1945. Faransa ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu a galabaice, za ta karya darajar kuɗinta, sai ta ware wa yankunan da take mulka a Afirka nasu faran. Haruffan CFA a lokacin suna nufin yankunan Afirka da Faransa ta mallaka. Abin da zai ba matasan yau mamaki shi ne, a ranar da aka haife ta sefa ta fi faran na Faransa ƙarfi: sefa guda faran 1.70 ce, a 1948 ma ta koma faran 2. A 1958 aka sauya ma'anar haruffan, bayan samun ƴanci aka sake sauya ta zuwa tarayyar kuɗi ta Afirka. Sau biyu ana sauya fassara, haruffan uku na nan inda suke.

Bankin BCEAO, wanda sunansa ke saman kowace takarda, ya samu wannan suna a 1959. Nijar ta karɓi ƴancinta ranar 3 ga Agusta 1960, amma ba ta buga kuɗin kanta ba. Ranar 12 ga Mayu 1962 ta sa hannu tare da maƙwabtanta a kan yarjejeniyar ci gaba da kuɗi guda. Ba kowa ya zauna ba. Gine ta Sekou Touré ta fitar da kuɗinta a 1960. Mali ta fice a 1962, ta sha wuya, ta dawo a 1984. Muritaniya ta tafi a 1973 ba ta waiwayo ba. Gine-Bisau kuwa, wadda Fotugal ce ta mulke ta, ita ta shigo a 1997. Hedikwatar bankin ta zauna a Paris har 1978 kafin a dawo da ita Dakar, zamanin Abdoulaye Fadiga, ɗan Afirka na farko da ya zama gwamnansa. Daga kansa zuwa Jean-Claude Kassi Brou na yanzu, duk gwamnonin da aka naɗa na dindindin ƴan Kodebuwa ne, har da Alassane Ouattara.

To, ga amsar saurayin nan. H ba Hausa ba ce, ba kuma Hamani ba ne. Alama ce ta lissafin banki, mai nuna ƙasar da aka fitar da takardar domin ta. A ta Kodebuwa ce, B ta Benin, C ta Burkina Faso, D ta Mali, H ta Nijar, K ta Senegal, S ta Gine-Bisau, T ta Togo. Akwai E a da, ta Muritaniya, ta tafi da ita. Lambobi biyu na farkon dogon layin nan kuma shekarar takardar suke nunawa. Kowace takarda tana ci a ƙasashen takwas, ko wane harafi take ɗauke da shi, amma in ta koma banki ana tantancewa, a gane yawan kuɗin wata ƙasa da ya kwarara zuwa wata. Da na duba tawa ta kuɗin haya bayan an tashi daga shiri, B na gani. Na ce ko ta biyo direban babbar mota ne daga Kwatano, ta shigo ta Gaya, ta yi ta sauya hannu har ta faɗo nawa. Wannan ƙaramin harafi shi ne kaɗai abin da ke cewa Nijar a jikin kuɗin da ƴan Nijar ke kashewa. Sefar Chadi da Kamaru kuwa wata ce daban, ta bankin BEAC. Darajarsu ɗaya, amma ɗan Diffa da zai je Njamena sai ya bi ta wurin ƴan canji.

Shi kuma abin da ke tsakiya ba dodo ba ne, ba takobi ba. Kifi ne na teku mai dogon baki kamar zarto. Ba kifin kansa aka zana ba, siffarsa ce da maƙeran Akan, wato dangin Ashanti na Gana da Bawule na Kodebuwa, ke zubawa da tagulla don auna garin zinariya a kan sikeli. Fataken ƙasar Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro sun yi hulɗa da masu irin wannan awo. Bankin ya ɗauke shi ya mai da shi tambarinsa, yana kan tsaba, yana kan takarda. Ma'ana, tsohon kuɗin Afirka ne aka ɗora a kan sabo, sai dai na mutanen bakin teku ne, ba namu na wuri da dala ba.

Takardun da ke hannunmu yanzu sun fito a 2003, in ban da ta dala ɗari da ta biyo baya a ƙarshen 2012. Kowace da launinta da abin da take wa'azi a kai. Jika goma mai launin shunayya ce, gabanta maganar sadarwa, da tauraron ɗan'adam da faifan kama shi da alamar @, bayanta tsuntsayen kurmi biyu masu tukku. Jika biyar koriya ce, gabanta noma, bayanta mariya. Jika biyu shuɗiya ce, gabanta sufuri, bayanta kifin teku. Jika guda ja ce, gabanta ilimi da lafiya, bayanta raƙuma. Dala ɗari ruwan goro ce, gabanta hannu yana taɓa allon kwamfuta, bayanta dorina. In ɗan Nijar na neman kansa a ciki, to ga raƙumin Agadas, ga dorinar Ayoru. A kan kowace akwai sa hannu biyu, na gwamnan banki da na shugaban majalisar ministocin ƙungiyar. Ana buga su ne a Shamaliyar, wani gari a tsakiyar Faransa, a maɗaba'ar babban bankin ƙasar.

Ka juya su duka biyar ba za ka ga fuskar mutum ko ɗaya ba. A ganina dalilin a fili yake. Ƙasa takwas ce ke cin tuwo a kwano guda, in ka sa gwarzon wata, bakwai za su tambayi ina nasu. Tsuntsu da kifi ba su da jam'iyya. Ka kwatanta da naira, wadda ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu 1973. Can akwai Tafawa Ɓalewa a kan biyar, Murtala a kan ashirin, Sardauna a kan ɗari biyu. Abin da ya fi taɓa ni ma ba fuskokin ba ne, rubutun ajami ne. Har yau a jikin manyan takardun naira an rubuta darajarsu da Hausa cikin haruffan Larabci, ko da yake an cire shi daga ƙananan a 2007, daga ta ɗari kuma a 2014. Sefa kuwa daga sama har ƙasa Faransanci ce zalla.

Wannan bambanci na san shi tun ina yaro, a ɗakin kakata. Tana zaune a wani ƙauye kudu da Matamai, inda naira da sefa ke yawo a kasuwa guda. Man gyaɗa da ƙuliƙuli take yi. Ba ta taɓa shiga lakkol ba, amma ta yi allo, don haka in aka miƙo mata naira takan kai ta kusa da ido ta karanta da kanta, naira ashirin, naira hamsin. Sefa kuwa da launi da hoto take gane ta. Tsohuwar jika goma ta 1992, mai hoton wani dattijo da dogon bene, "mai bene" take ce mata.

Ta riga ta ga abin da ya sa ba ta yarda da maganar hukuma a kan kuɗi ba. Daren 11 ga Janairu 1994 shugabanni suka taru a Dakar tare da wakilan Faransa da na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, gari ya waye an raba darajar sefa biyu. Faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Jika goma da ke daidai da faran 200 jiya ta zama faran 100 yau, ba a taɓa ko ɗigo a jikin takardar ba. Ina ƙarami a lokacin, amma Baba ya sha ba mu labarin yadda kuɗin magani da na shinkafar waje suka yi tsalle, su kuma masu kai shanu da albasa kurmi suka ɗan ji daɗi. Tun 1 ga Janairu 1999 aka ɗaure sefa a jikin yuro, 655.957 kowane yuro guda, kuma nan take har yanzu.

Sai ga 2004. An yi fashi a rassan bankin a Kodebuwa, a Abijan cikin Agustan 2002, a Buwake cikin Satumban 2003 ana tsakiyar yaƙin ƙasar. Aka yanke shawarar kashe tsofaffin takardun 1992, aka ba mutane daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Disamban 2004 su kai a musanya musu. A birni labari ya bazu da wuri. A ƙauyen kakata kuwa jita-jita ta riga sanarwa isa. Wasu suka ce dabara ce ta gano mai kuɗi don a ƙara masa lanho. Wasu mutane kuma suka riƙa zagaya kasuwannin ƙauye da sababbin takardu, ka ba su jika goma tsohuwa su ba ka tara.

Baba ya ɗauke ni muka je da hutun ƙarshen shekara. Ya yi mata bayani har ya gaji. Ta ɗaga sabuwar takardar da ya nuna mata, ta juya gaba ta juya baya, ta dube ni ta ce, "Kai maigidana, kai da ke lakkol, wannan mai tsuntsu kuɗi ce ko takardar alewa?" Na ce, "Kuɗi ce, Kaka." Ta ce, "To ina mutumin ya tafi?" Daga ƙarshe ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli, ta ce shi ke nan abin da take da shi. Baba ya kai birni ya yini a layi ya musanyo mata.

Ta rasu a 2009. Da mata suka zo raba kayanta, a ƙasan adudu, ƙarƙashin farin yadin da ta tanada don likkafaninta, aka tarar da "mai bene" guda bakwai a naɗe cikin leda. Jika saba'in. Allah kaɗai ya san kwalabar mai nawa ta matsa kafin ta tara su. Ta ba mu rabi don ta rabu da mu, ta ɓoye rabi don ta fi yarda da abin da idonta ya sani. Wa'adi ya wuce da shekaru, ba mai karɓar su. Ban taɓa ganin laifinta ba. Takarda ba azurfa ba ce, ba ta da wata daraja sai yardar da mutane suka ba ta, kuma babu wanda ya zo ya nemi yardar Kaka da harshen da take ji.

Abin da ya sa nake tuna wannan yanzu shi ne maganar sauya kuɗi ta dawo bakin kowa. Masu sukar sefa suna cewa ƙasar da ake buga kuɗinta a gidan wanda ya mulke ta ba ta gama ƴantuwa ba. Suna tuna cewa shekara da shekaru ana ajiye wani kaso na kuɗin waje na bankin a baitulmalin Faransa, kashi 65 cikin ɗari daga 1973, kashi 50 daga 2005. A Agustan 2017 ɗan gwagwarmaya Kemi Seba ya ƙona takardar jika biyar a bainar jama'a a Dakar. Ranar 21 ga Disamba 2019, a Abijan, Ouattara da Macron suka sanar da kawo ƙarshen wancan ajiya, da janye wakilan Faransa daga majalisun bankin, da sauya suna zuwa Eko. An yi biyun farko, sunan dai har yau sefa ne. Masu kare ta kuma suna nuna maka maƙwabta, su ce dubi yadda naira da sidi ke zubewa, ita kuwa tana tsaye, ɗan kasuwa na iya yin lissafin baɗi.

Mu a Nijar mun ɗanɗana wani ɓangaren da ba ya cikin littafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, har da na kuɗi. Albashina na banki, ni ina layi tun asuba, a ƙarshe a ce ga iyakar abin da za ka iya ɗauka yau. Har 24 ga Fabrairu 2024 kafin a ɗage. A watannin nan ne mutane da yawa suka fahimci cewa H harafi ne kawai, makullin rumbun yana wani wuri. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES ranar 16 ga Satumba 2023, sun bar CEDEAO, amma suna cikin ƙungiyar kuɗi ta UEMOA, ana kuma ta maganar ranar da za su yi kuɗin kansu.

Ni ba masanin tattalin arziki ba ne, mai magana ne a rediyo. Abin da zai riƙe darajar sabon kuɗi, in an yi shi, aikin masana ne su faɗa. Abin da na sani shi ne ranar musanya, da wanda take kayarwa. Mun gani a gidanmu a 2004. Mun sake gani a tsallaken iyaka a farkon 2023, lokacin da Najeriya ta sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 cikin ɗan ƙanƙanin wa'adi, ciniki ya tsaya cik daga Jibiya har Ɗan Isa, sai da kotun ƙolin ƙasar ta sa baki a watan Maris. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka roƙona ga duk wanda wannan aiki zai faɗo hannunsa guda uku ne. A ba da wa'adi mai tsawo, wanda zai haɗa kaka da rani, don makiyayi da ɗan cin rani su dawo su tarar da shi. A kai musanya kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, jika goma a karɓi jika goma. Sannan a rubuta darajar takardar da harsunan masu kashe ta. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Ba zai gagara ba a ga "jika goma" da boko da ajami, a ga Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci, a ga haruffan Tifinag na Buzaye a gefe.

Da aka raba gado na roƙi a bar mini ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Tana cikin littafin da nake shiga ɗakin watsa shiri da shi, harafin H na nan a ƙarshen lambarta. Duk ranar da aka miƙo mini sanarwar hukuma in karanta, nakan karanta ta da Hausa sau biyu, a hankali, sannan in roƙi wanda ya ji ya gaya wa tsohuwar gidansu.